Alhaji Alhassan Ɗantata: Maraya Mai Asusu da Ya Bi Hanyar Gwanja

A fitowar bikin bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani bawan Allah da ya taka irin hanyar da muke takawa a yau. Ya ɗauki kaya daga wata ƙasa zuwa wata, ya kwana a zango, ya ga asara da idonsa, kuma ya tashi. Sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ba baƙo ba ne a kunnen ɗan kasuwa, daga Kano har Kumasi. Sai dai in an ambace shi, yawanci raƙuman kuɗi da dalar gyaɗa ake tunawa. Kafin raƙuman nan akwai wani ɗan asusu na ƙasa, kuma daga nan ya kamata a fara labarin.

Asalinsa

An haife shi a shekarar 1877 a Bebeji, cikin ƙasar Kano. Gidansu na Agalawa ne, mutanen da suka yi suna wajen fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin ne ya taso da iyalinsa daga Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Haihuwar tasa ma a kan hanya ta zo: ayarin mahaifinsa ya kama hanyar Gwanja, aka sauka a Bebeji, nan aka haife shi. Bayan Madugu Abdullahi ya dawo sai ya mai da Bebeji gida.

Ga mu mutanen Tamale, Gwanja ba labarin nesa ba ne. Babbar kasuwarta ita ce Salaga, wadda ke kudu maso gabas da mu, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Can ake kawo goro daga dazuzzukan Asante, can kuma fataken Hausa suke sauke kanwa da baƙin zane na rini da riguna da fatu. Daga Kano ayari yakan ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu ko Sansanin Mango, ya faɗo Yendi, sannan Salaga. Tafiya ce ta watanni a zuwa, watanni a dawowa, da jakuna da 'yan dako, kuma da rani ake yinta.

Haɗarin hanyar kuwa ba ya ƙirguwa. Akwai 'yan fashi, akwai sarakunan da sai an biya su kafin a wuce, akwai fito a bakin kogi, akwai ciwon da ke kashe dabbobi. Shi kansa goro kaya ne mai rai. Ana naɗe shi da ganyen fita a cikin huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an tsince mai sankara, an yayyafa ruwa, an sake ɗaurewa. Wanda ya yi kasala mako guda yana iya isa Kano da ruɓaɓɓen kaya. Shi ya sa ba wanda yake fita shi kaɗai. Ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya a mashigai, da malamin ayari mai riƙe lissafi. Kowa da jarinsa, amma tsaro da kuɗin hanya na kowa da kowa ne. Idan muka duba da kyau, ƙungiyarmu ta yau jikanyar wannan tsari ce.

Maraici da asusu

Wajen shekarar 1885 Madugu Abdullahi ya rasu, Alhassan yana ɗan shekara bakwai zuwa takwas. Aka raba gado, amma 'ya'yan duk ƙanana ne, ba mai iya riƙe ragamar ayari. Amarya ta koma Ankara, babban birnin ƙasarmu a yau, inda take da harkokinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami Ɗantata. Duk wanda ya ambaci wannan gida a yau, ita yake ambata ko bai sani ba.

Kason da Alhassan ya samu na gado bai yi ƙarko ba. Ɗan madugu ya wayi gari almajiri a makarantar allo, yana neman abin da zai ci da ƙarfinsa kamar kowane almajiri. A wannan hali ne Tata ta koya masa tanadi. Duk abin da ya samo sai ya ware wani abu ya jefa a asusu. Abin da ya sa asusu ya zama malami shi ne ƙofar shiga ce da shi kawai, babu ta fita. In kana son abin da ke ciki sai ka fasa, kuma mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya fasa. Yaro mai jin yunwa da ya iya barin wuri a cikin asusu ya riga ya koyi abin da manya da yawa suka kasa, wato ya ga kuɗi a hannunsa ya ce ba na ci ba ne.

Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin da ya nufi Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da rabi a kan hanya, ya riƙe rabi har Ankara. Ku lura da wannan rabo. Da ya sayar duka a hanya, da bai ga farashin bakin teku ba. Da ya riƙe duka, da ba shi da guzuri, kuma in hanya ta ɓaci komai ya tafi.

A Ankara bai sami hutun da ɗan attajira zai sa rai da shi ba. Amarya ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawa. Ya ci gaba da karatu, yana nemo abinci, ranakun Alhamis da Juma'a kuma yana aikin ƙarfi, mafi yawan abin da ya samu na malam ne. Wani zai ce uwar ta yi tsanani. Amma ita 'yar kasuwa ce, ta san abin da ya faru da gadon mijinta, ta kuma san cewa jarin da aka miƙa wa wanda bai san zafin nema ba baƙo ne, kwana zai yi ya wuce.

Shekarun basasa

Lokacin da yake tasowa, duka bakin hanyar biyu sun kama da wuta. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Dama tun 1874, da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, goron da ke zuwa Salaga ya fara tangal-tangal. A Kano kuma Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, rikici ya tashi tsakanin Tukurawa da Yusufawa, abin da tarihi ya sani da Basasa. Garuruwan Agalawa sun sha wuya a wannan yaƙi. Aka washe dukiya, aka kama mutane, cikinsu har da Alhassan da 'yan uwansa biyu, Bala da Sidi. Allah ya kuɓutar da shi, daga baya ya fanso 'yan uwan nasa.

Kafin ya cika shekara 20, ke nan, ya rasa uba, ya rasa gado, ya rasa 'yancin kansa na wani lokaci, ya kuma ga babbar kasuwar da iyayensa suka dogara da ita ta zama kufai. Duk wanda ya bi sauran rayuwarsa zai ga tabon waɗannan shekaru a yadda yake kasuwanci. Bai ƙara yarda hanya ɗaya, ko haja ɗaya, ko ma'aji ɗaya su ɗauki rayuwarsa gaba ɗaya ba.

Da hanya ta canja

Bayan ƙura ta lafa ya koma fataucin goro. Amma duniyar da ya tarar ba ta mahaifinsa ba ce. Turawa sun raba ƙasa. Ingila ta ci Kano a 1903. Tsohuwar hanyar ayari yanzu sai ta ratsa yankin Faransa a Dahome, ta shiga yankin Jamus a Togo, kafin ta faɗo yankin Ingila. Ita kanta Dagbon an tsaga ta biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, Tamale kuma ta zama hedikwatar Turawan Ingila ta arewa a 1907. Kowace iyaka da harajinta da dokarta.

A ɗaya ɓangaren kuma sabuwar ƙofa ta buɗe. Jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Sekondi a 1903, jiragen ruwa suna kai da komo tsakanin Sekondi da Ankara da Legas, dogon Legas kuma yana ta matsowa arewa. Wajen 1906 Alhassan ya fara bin wannan hanya, yana cikin na farko-farkon 'yan arewa da suka yi haka. Goron da a da yake shafe watanni a bayan jaki ya koma yin makonni. Ruɓewa ta ragu, 'yan fashin daji sun fita daga lissafi, kuma jarin da a da yake juyawa sau ɗaya a shekara ya koma juyawa sau da yawa. Bai tsaya ga goro kaɗai ba, ya haɗa da tsakiya da duwatsun wuya da yadin Turai, yadda ko a zuwa ko a dawowa ba ya tafiya da hannu wofi.

Barin hanyar iyaye ba abu ne mai sauƙi ba, balle ga ɗan madugu jikan madugu. Wasu fataken sun nace wa jakunansu har kasuwa ta bar su a baya, domin goron jirgi yana riga nasu isa, ya fi nasu ɗanye, ya kuma fi araha. Alhassan ya auna haɗarin teku da na tudu, ya ga inda sikeli ya rinjaya, ya bi.

Gyaɗa

Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da Legas. A daidai wannan lokaci Alhassan ya dawo birnin Kano da zama, ya gina gida a Sarari, kusa da Ƙoƙi. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan za su kwashi auduga, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi musu riba, ga shi in fari ya zo ana iya cinta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su san ƙauyuka ba, don haka suka nemi manyan fataken goro su saya musu. Irin su Umaru Sharubutu na Ƙoƙi da Maikano Agogo sun riga shi shiga. Shi sai a 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company, bayan harkar ta yi shekaru ana ganin kamun ludayinta. Duk da haka, zuwa 1922 ya zarce su duka, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Yadda aikin yake shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa da wakilansa, su bazu cikin ƙauyuka da kasuwanni su sayo gyaɗa, a auna, a ɗura a buhu, a kawo bakin dogo. Duk tsarin a kan bashi da amana yake tsaye. Wakili ɗaya ya ci kuɗi, ko ya cika buhu da ƙasa, sunan maigida ne ya ɓaci a wurin kamfani. Abin da ya taimake shi shi ne ya gaji hanyar Agalawa ta aiki da mutanen da aka sani, aka san gidansu, aka gwada su da kaɗan kafin a ba su da yawa. Kuma ko da gyaɗa ta zama babbar harkarsa, bai saki goro ba, bai saki shanu da yadi da hatsi ba.

Amfanin wannan ya fito fili da kasuwar duniya ta karye a 1929. A shekarun da suka biyo baya farashin gyaɗa ya faɗi warwas, masu saye da yawa da suka dogara da ita kaɗai, ko suka ci bashin da ya fi ƙarfinsu, suka durƙushe. A wannan shekara ce kuma Niger Company ta haɗe da wani kamfanin aka kafa UAC. Ɗantata ya fita daga waɗannan shekaru yana babban mai saya wa UAC gyaɗa, domin a lokacin da kuɗi ya yi wuya kamfani yakan nemi wanda bai taɓa saɓa alkawari ba. Daga baya, da gyaɗa ta yi yawan da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa a kan lokaci, aka riƙa jera dubban buhuna ana yin dala a Kano, kuma sunansa na manne da waɗannan dalolin har gobe.

Raƙuma ashirin

A 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 reshen Bank of British West Africa da ke Kano. Wannan banki shi ne asalin First Bank a Najeriya, a nan Gana kuma shi ne ya zama Standard Chartered. Mutane sukan ba da labarin don nuna yawan dukiyarsa. Ɗan kasuwa kuma ya kamata ya ga wani abu daban. A zamanin, attajirai a ɗaka suke binne kuɗi, inda gobara da ɓarawo da rigimar magada ke iya cimma su. Wanda ya taɓa ganin an washe garinsu ya san daraja ta ajiye dukiya inda akwai takarda da shaida. Ga shi kuma mai hulɗa da Legas da Ankara, ta banki zai iya biyan kuɗi a can ba tare da ya ɗora buhunan sulalla a jirgi ba.

Ba komai ne ya zo masa yadda yake so ba. A 1940 ya nemi izinin fitar da gyaɗa waje da kansa, hukumar mulkin mallaka ta hana, domin an keɓe wannan ƙofa ga kamfanonin Turawa. Bai yi fushi ya watsar da harkar ba, bai kuma bi ta bayan fage ba. Ya ci gaba da aikinsa, har a farkon shekarun 1950 ya sami lasisin saye kai tsaye a ƙarƙashin hukumar cinikin gyaɗa. Haƙurin fiye da shekara goma ke nan.

Duk da wannan dukiya an san shi da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali tun a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya kuma taimaki mutane da yawa suka je. A ƙarshen rayuwarsa yana cikin masu ba Sarkin Kano shawara. Da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su wargaza kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Ya tuna yadda dukiyar mahaifinsa ta narke bayan an rarraba ta ga ƙananan yara. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu suka ci gaba da harkar. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Mu da muke kan hanyar a yau

Akwai haɗari ɗaya da Ɗantata bai sha fama da shi ba a shekarun ƙarfinsa. A wancan zamani, tun daga 1912, hukuma ɗaya ce take buga kuɗin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, sulen Kano shi ne sulen Kumasi. Mu kuwa da sidi da sefa da naira muke lissafi. A 2022 sidi ya rasa kusan rabin darajarsa a gaban dala cikin 'yan watanni. Wanda ya sayo albasa ko shanu da sefa, ya ba da bashi a sidi, ya jira wata biyu, ya san yadda riba take zama asara alhali ba wanda ya sace masa ko kwabo. Rufe hanya ma mun gani. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Iyakokinmu na Paga da Aflao da sauransu sun kasance a rufe ga matafiya daga Maris na 2020 har Maris na 2022 saboda korona. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci sun yi makonni a bakin iyaka da kaya a kai. Salaga ta 1892 ba ta wuce ba, suna kawai take canjawa.

Mu da muke riƙe da littafin ƙungiya muna ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Ba kasafai faɗuwar kasuwa kaɗai take karya mutum ba. Yawanci za a tarar ya zuba jarinsa duka a mota ɗaya, ko ya ba mutum ɗaya bashin da ya fi rabin abin da ya mallaka ba tare da rubutu ba, ko kuɗin cefane da na biki da na jari duk a aljihu ɗaya suke, ko kuma ya kai kuɗinsa wurin masu alkawarin ribar da hankali ba zai ɗauka ba. Sai ranar da aka tare mota ko farashi ya faɗi a Techiman, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ba kowa ne zai tara raƙuma ashirin ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Amma asusun Tata kowa yana iya mallakarsa, ko mai susu ne yake zagayowa, ko banki ne, ko a waya ake ajiyewa. Rabon da yaron nan ya yi wa kayansa a hanyar Gwanja, kowa yana iya yinsa ga lodinsa. Littafin malamin ayari, ƙaramin littafi da biro sun isa. Kuɗin da uban dawaki yake tarawa kuwa shi ne kuɗin wata da muke biya, wanda ake ɗauka a tsaya wa ɗan uwa ranar da kayansa suka maƙale a iyaka. Wanda ke da saura a kansa, ofis a buɗe yake.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan da Amarya da Tata, da dukkan fataken da suka riga mu bin wannan hanya. Allah ya kai motocinmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya maimaita mana na baɗi.